Wasan da Aka Tashi 19 da 18

A kundin tarihin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, akwai sakamakon da duk wanda ya gani zai ɗauka kuskuren maɗaba'a ne. Ranar 22 ga Nuwamba, 1950, Fort Wayne Pistons ta ci 19, Minneapolis Lakers ta ci 18. Matashin da ke bin wasan a wayarsa yau ya saba ganin kowane ɓangare ya haura maki 100. To yaya aka yi ƙwararru masu cin abinci da wannan sana'a suka shafe minti 48 a fili, suka tashi da maki 37 gaba ɗaya? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Zaton farko shi ne ko 'yan wasan ne ba su iya ba. Wannan bai shiga ba, domin Lakers ce ta ɗauki kofi a 1949 da 1950. A cikinta akwai George Mikan, wani zabgegen mutum mai tsayin mita 2.08, wanda ke wasa da tabarau a fuska, kuma babu mai iya tare shi a gindin kwando.

Sai mu duba takardar maki. Sau takwas kacal ƙwallo ta faɗa kwando ana cikin wasa, huɗu nan, huɗu can. Huɗun Lakers duk Mikan ne ya jefa su, kuma maki 15 cikin 18 nasa ne. Sauran makin daga jifan hukunci suka fito, wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta. Da rashin saiti ne, da mun ga jifa barkatai da suka kauce. Amma jifa 31 aka gwada duk daren. Ashe ba kuskurewa ake yi ba, jifan ne ba a yi.

To ina ƙwallon take? Tana tsakiyar fili, a hannun 'yan Pistons. Kocinsu Murray Mendenhall ya san Lakers ta ci wasa 29 a jere a gidanta, ya kuma san muddin ƙwallo na kai wa Mikan, kashinsu ya bushe. Sai ya ce wa yaransa su riƙe ta. Ɗan wasa ya tsaya da ƙwallo a ƙugu, in an matso ya miƙa wa na kusa. 'Yan Lakers kuwa suka ƙi barin gindin kwandonsu. Abin ya zama kamar mai ciniki a kasuwar shanu ta Potiskum da ya riƙe igiyar sa, bai saya ba, bai saki ba, har kasuwa ta watse. 'Yan kallo suka yi ta ihu, a banza. A zangon ƙarshe maki huɗu aka ci. Ana saura 'yan daƙiƙoƙi Larry Foust na Pistons ya jefa wadda ta raba gardama.

Me ya hana alƙalin wasa busa usur? A nan gizo ke saƙa: babu dokar da aka karya. A wancan zamani ƙungiya na iya riƙe ƙwallo iya son ranta. Wanda ake ci ba shi da hanyar ƙwato ta sai ya yi ƙeta da gangan. A wani wasa na 1953 tsakanin Boston da Syracuse, Bob Cousy na Boston ya ci maki 50, amma 30 daga ciki jifan hukunci ne. Wa zai biya kuɗin ƙofa don ya kalli wannan? Gasar da ke da ƙungiyoyi 17 a kakar 1949-50 ta koma tara a 1953-54, galibi saboda kuɗi ba sa shigowa.

Hukumar gasar ta fara neman magani inda babu ciwo. A 1951 ta faɗaɗa yankin gindin kwando daga ƙafa 6 zuwa 12 don ta nesanta Mikan. Lakers ta ƙara ɗaukar kofi uku a jere, cin lokaci kuma yana nan.

Wanda ya gano bakin zaren shi ne Danny Biasone, haifaffen Italiya, mai ƙungiyar Syracuse Nationals, tare da manajansa Leo Ferris. Suka tattara takardun wasannin da suka yi armashi, inda babu mai jan ƙafa, suka ga kowane ɓangare kan yi jifa kusan 60, wato 120 a haɗe. Minti 48 daƙiƙa 2,880 ne. A raba su gida 120, sai a sami 24. Daga kakar 1954-55, duk ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo daƙiƙa 24 gare ta, ko ta jefa ko a ƙwace a ba abokan karawa. A kaka ɗaya, matsakaicin makin ƙungiya a wasa ya tashi daga 79.5 zuwa 93.1.

Kakar ta zama ta Syracuse. Ta ci wasa 43, aka ci ta 29, ta kai zagayen ƙarshe, inda ta gamu da Fort Wayne Pistons. A karawa ta bakwai, mai raba gardama, ranar 10 ga Afrilu, 1955, Pistons ta ba ta ratar maki 17 tun kafin hutun rabin lokaci. Da a tsohuwar doka ne, da wasa ya ƙare ke nan. Yanzu kuwa dole su yi ta jifa, kowane kuskure kuma dama ce ga Syracuse. Saura daƙiƙa 12 George King na Syracuse ya ci jifan hukunci, ya kuma fizge ƙwallo a harin ƙarshe, aka tashi 92 da 91. A cikin masu murna akwai Earl Lloyd da Jim Tucker, baƙaƙen fata na farko da suka ɗauki kofin NBA.

Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta koma daƙiƙa 24 a shekarar 2000, don haka da lissafin Syracuse ake buga gasar Najeriya a yau. Mendenhall ya sha zagi, alhali ƙofa ya tarar a buɗe ya shiga, kuma duk kocin da ke son aikinsa haka zai yi. An shekara huɗu ana tsine wa masu cin lokaci, babu wanda ya daina. Da aka sa wa riƙon ƙwallo wa'adi, sai kowa ya daina ba tare da an roƙe shi ba.