Idan Muzurai Sun Matsa Wa Kyanwa A Gida

Gidaje da dama a ƙasar nan suna ajiye maguna saboda ɓera. Amma a gidan da muzurai biyu ko uku suka haɗu da kyanwa guda, sau da yawa zaman lafiya yakan ƙare. Sai a ga sun bi ta lungu-lungu, suna cizon ƙeyarta, suna tare ta a bakin kwanon abinci, har ta rame ta koma kwana kan rufi. Masu gida kuwa abin da suka fi yi shi ne jifa da duka, alhali ba ya maganin komai.

Tushen fitinar barbara ne. Kyanwa takan balaga tana wata 5 ko 6, wata ma tun tana wata 4. Idan lokacin neman namiji ya zo mata, takan yi kamar mako guda tana kuka da birgima, in kuwa ba ta sami ciki ba, abin ya dawo bayan mako 2 ko 3. Warinta da kukanta su ke kiran muzurai, na gida da na maƙwabta. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, tana kuma iya haihuwa sau 3 a shekara. Wannan wahala ce babba ga jikinta.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Haƙorin mage siriri ne, watau ramin cizon yakan rufe da sauri ya bar ƙwayoyin cuta a ciki, sa'an nan ya zama ƙurji mai mugunya. Ta hanyar cizo ne kuma cutar FIV take yaɗuwa, wadda aka gano a Amurka cikin 1986. Tana karya garkuwar jikin mage, amma ba ta kama mutum. Haka nan kyanwar da ke zaune cikin tsoro takan kamu da ciwon mafitsara, ta riƙa fitsari inda ba ta saba ba.

To, mene ne abin yi? Da farko a raba su. A ba kyanwar ɗaki nata, da abinci da ruwa da kaskon yashi na ba-haya. Bayan haka a kai muzuran asibitin dabbobi a fiɗiye su. Aiki ne na 'yan mintoci wanda likita yake yi bayan allurar barci. Kada wani ya gwada shi a gida. Lalle a ci gaba da raba su har mako 6, domin muzuru yana iya yi mata ciki cikin makonnin farko bayan aikin. Ita ma in an cire mata mahaifa da ƙwai, kiran ya ƙare ke nan.

Idan za a sake haɗa su, a bi a hankali. Kowa da kwanonsa nesa da na wani, kaskon yashi ya fi yawansu da ɗaya, a kuma tanadar mata wuri mai bisa da za ta hau in an kore ta. Muzurun da bai daina ba bayan duk wannan, gara a nema masa wani gida mai riƙon amana, maimakon a jefar da shi bakin kasuwa. Dabbar da aka ɗauko don ta tsare hatsi, haƙƙin mai gida ne shi ma ya tsare ta.