Matsafi Ɗaya, Hadimi Nawa?

Akwai wata gardama da takan tashi tsakanin samarinmu mazauna Kudu, ko a Agege da Idi-Araba cikin Ikko, ko a Sabo ta Ibadan, musamman idan an gama kallon fim ɗin tsafi na Turawa ko an karanta littafin almara. Gardamar kuwa ita ce: shin matsafi yana iya riƙe hadimi fiye da ɗaya? Abin da ake nufi da hadimi a nan shi ne aljani ko wata iska da ake cewa tana zaune wurin matsafi, yawanci cikin siffar dabba, kamar kyanwa ko mujiya ko kwaɗo, yana aikenta tana kawo masa labari. Wasu su ce ɗaya tak, don haka suka gani a fim. Wasu su ce ai ko goma ya so ya tara. To, ga abin da littattafai da tarihi suka nuna.

Asalin maganar a Ingila

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa zancen mayya da kyanwarta ya girmi littattafan almara na zamani. A kotunan ƙasar Ingila ya yi ƙarfi, shekaru fiye da 400 da suka wuce, kuma an rataye mutane a kansa. A shekarar 1566, a garin Chelmsford, aka gurfanar da wata tsohuwa mai suna Agnes Waterhouse. Aka ce tana da wata farar kyanwa mai dabbare-dabbare da ake kira Sathan, watau Shaiɗan, wadda ta karɓa daga wata mata Elizabeth Francis, ita kuma Elizabeth daga kakarta ta samu. Aka ce da ɗigon jini ake biyan kyanwar ladan kowane aiki. Cikin watan Yuli na wannan shekara aka rataye Agnes. A nan hadimi ɗaya ne, yana tafiya daga hannu zuwa hannu kamar kayan gado.

Bayan shekara 16, watau a 1582, sai lissafi ya hau. A ƙauyen St Osyth aka kama wata ungozoma mai ba da magani, sunanta Ursula Kemp. Ɗanta na cikinta, yaro ɗan shekara 8, shi aka sa ya ba da shaida a kanta, ya ce tana da hadimai 4: kyanwoyi biyu, da baƙin kwaɗo, da farin ɗan tunkiya. Mai binciken, Brian Darcy, ya yi mata alkawarin sassauci idan ta amsa laifi. Ta amsa tana kuka, har aka rubuta cewa biyu daga cikinsu na kisa ne, biyu na nakasa mutane da dabbobi. Alkawarin bai cece ta ba, ita ma aka rataye ta.

A 1604, zamanin Sarki James na Ɗaya, majalisar Ingila ta yi dokar da ta ce duk wanda ya yi shawara da mugun aljani, ko ya ciyar da shi, ko ya ba shi lada, hukuncinsa kisa ne. Daga nan tsohuwar da ta zuba wa kyanwarta madara ta shiga haɗari. Wanda ya fi kowa cin ribar wannan doka shi ne Matthew Hopkins, wanda ya naɗa wa kansa sarautar babban mai farautar mayu, garuruwa suna biyansa. A 1645, a garin Manningtree, shi da abokinsa John Stearne suka tsare wata tsohuwa mai ƙafa ɗaya, Elizabeth Clarke, aka hana ta barci dare bayan dare, wai ana jiran hadimanta su zo shan jini. Da azaba ta ishe ta, sai ta lissafa musu sunaye, kuma masu gadin suka rantse sun ga dabbobin: farar 'yar kyanwa Holt, da kare mai ƙiba maras ƙafafu Jarmara, da dogon kare mai kan sa Vinegar Tom, da baƙin zomo, da wata dabba irin tunku. Hopkins ya sa hotonsu a littafinsa na 1647. Cikin watan Agusta na 1645 kaɗai, an rataye mutum 18 rana ɗaya a garin Bury St Edmunds.

Ashe ke nan a takardun kotunan Ingila babu iyaka ga yawan hadimai. Gwargwadon yadda aka matsa wa wadda ake tuhuma, gwargwadon yadda adadin ke ƙaruwa.

Masu cewa ɗaya tak

To, ina dokar nan ta hadimi ɗaya ta samo asali? Yawancinta daga masu shirya wasa da marubuta ne, kuma kowa da dalilinsa. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, inda 'yan wasa ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko matsafi, ana jefa ɗan lido ana ci gaba da labari. A littafin dokokin wasan na 2014 an faɗa ƙarara cewa matsafi ba zai riƙe hadimi fiye da ɗaya a lokaci guda ba. Dalilin a fili yake. Idan aka bar mutum ɗaya ya tara mujiya da ɓera da gizo-gizo duk suna yi masa leƙen asiri, sauran 'yan wasa sun zama 'yan kallo. Dokar adalci ce tsakanin abokan wasa, kamar yadda ba a barin ƙungiya ɗaya ta sa masu tsaron gida biyu a ƙwallo.

Shi kuwa marubucin Ingila Philip Pullman, a littafinsa Northern Lights na 1995, dalilinsa ya fi zurfi. A duniyar da ya ƙaga, kowane ɗan Adam yana da dabba ɗaya mai magana da ke tare da shi tun haihuwa, kuma dabbar nan kurwarsa ce da ke zaune a waje. Ta yaro takan sauya siffa yadda ta ga dama, in ya balaga sai ta tsaya a kan siffa ɗaya. Tun da mutum kurwa ɗaya gare shi, ba yadda za a yi ya sami biyu, kuma babban ta'asar da miyagun labarin ke yi ita ce raba yara da nasu. A labarin Harry Potter na J.K. Rowling, wanda ya fara fitowa a 1997, takardar makarantar matsafa ta yarda ɗalibi ya zo da dabba ɗaya, ko mujiya ko kyanwa ko kwaɗo. Wannan dokar makarantar kwana ce kawai, kuma farar mujiyar Harry mai suna Hedwig aikinta kai wasiƙa.

Masu tara da yawa

Tsofaffin labarai ba su san wannan ƙa'ida ba. A almarar mutanen arewacin Turai, wadda Snorri Sturluson na ƙasar Aisilan ya rubuta wajen 1220, Odin yana da hankaki biyu, Huginn da Muninn, masu kewaya duniya kullum su dawo su raɗa masa abin da suka gani, ga kuma kerkeci biyu a gefensa. Labarin Alauddin da ake haɗawa da Dare Dubu Da Ɗaya shi ma haka. Wani mutumin Halab, Hanna Diyab, shi ya ba Bafaranshe Antoine Galland labarin a 1709, kuma a cikinsa aljanu biyu ne, na zobe da na fitila. Na fitila ya fi ƙarfi, don sa'ad da aka sace fadar Alauddin, na zobe ya ce ba shi da ikon dawo da ita, sai dai ya kai shi inda take. Fim ɗin kamfanin Disney na 1992 ne ya sa yara suka saba da aljani ɗaya da buƙata uku.

A littattafan George R.R. Martin akwai wani matsafi Varamyr da ke shiga jikin dabbobi 6: kerkeci uku, da farar dabbar beyar, da wata babbar kyanwar daji, da gaggafa. Amma marubucin ya sa masa farashi. Ranar da aka ƙone gaggafar tana sama yana cikinta, hankalinsa ya gushe, sauran dabbobin suka kuɓuce masa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

A ƙasar Hausa

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a Arewa. 'Yan bori suna cewa mutum ɗaya yana iya samun iskoki da dama a kansa, irin su Ɗan Galadima da Malam Alhaji da Inna da Kuturu da Sarkin Rafi, waɗanda suke cewa mazauninsu birnin Jangare ne. Wani Bature mai bincike, Fremont Besmer, ya rubuta littafi a kan haka a 1983. Kowace iska da kiɗanta da kirarinta da tufafinta da irin dabbar da ake yanka mata, saboda haka mai iskoki da yawa hidimarsa da yawa. Sa'an nan ɗaya bayan ɗaya suke hawa, sai wannan ta sauka da atishawa kana wata ta hau. Abin lura kuma, a bori mutumin ne ake kira doki ko goɗiya, iska ce mahayi. Watau tambayar wa ke yi wa wani bauta ta juye. Malamai kuwa tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suke hani ga wannan al'ada.

In aka haɗa duka, amsar ta dogara ga abin da mai labari ya ɗauki hadimi. In kurwar matsafi ce, ɗaya ne. In bara ne ko ɗan aike, yana iya tara su, amma labari mai kyau yakan sa ya biya, ko da jini ko da dukiya ko da hankali. In kuwa wasa ne, abin da aka rubuta a littafin doka shi ke nan.

Inda wasa ya ƙare

A littafi ko a fim, ko hadimi ɗari aka ba matsafi ba wanda zai yi ciwon kai. Amma matan nan na Ingila mutane ne na gaske, yawancinsu tsofaffi, matalauta, marasa gata, kuma shaidar da aka kashe su da ita ba ta wuce dabbar gida da tabon jiki da maganar ƙaramin yaro ba. Sai a 1736 wata sabuwar doka ta hana tuhumar mutum da maita a Ingila, bayan an riga an yi ɓarna.

A nan gida, sashe na 210 na dokar laifuffuka da ake kira Criminal Code ya ce laifi ne mutum ya zargi wani da maita, ko ya yi barazanar zarginsa, kuma hukuncin ɗaurin shekara 2 ne. Jihar Akwa Ibom ma a 2008 ta yi dokar kare yara wadda ta haramta laƙaba wa yaro maita. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu mazauna Kudu ƙwarai, domin ranar da yaro ya kwanta ciwo a gidan haya mai ɗakuna 20, aka fara neman wanda za a ɗora wa, baƙon da ba a jin harshensa da tsohuwar da ba ta da kowa su ake fara kallo. Mu ma a zango mukan yi wa junanmu haka, a ce wance ta kama kurwar ɗan wane. Wanda ya ji an fara irin wannan raɗe-raɗi, ya kai maganar ga Sarkin Hausawa ko ga 'yan sanda tun taro bai haɗu ba, a kai yaron asibiti. Magabata sun ce zato zunubi ne. Allah ya kiyaye.