Kratom: Bambancin Ganye, Gari, Kafso da Tataccen Ruwa, da Haɗarin Kowanne

Idan kana sayayya a intanet, ko kana da ɗan'uwa a Amurka, mai yiwuwa ka taɓa cin karo da tallan wani ganye mai suna kratom. Masu sayar da shi suna cewa yana rage ciwon jiki, yana ƙara kuzari, yana kuma taimaka wa mai son rabuwa da tiramadol ko kodin. Ana sayar da shi a matsayin ganye, gari, kafso, ruwa a ƙaramar kwalba, har da alewa. Tambayar da mutane suka fi yi ita ce: wanne ya fi sauƙin haɗari? Kafin ka amsa wa kanka, ga abin da ya kamata ka sani.

Mene ne kratom?

Kratom ganyen wata bishiya ne mai suna Mitragyna speciosa, dangin bishiyar kofi, wadda ke fitowa a Kudu maso Gabashin Asiya, musamman Tailan, Malesiya da Indonesiya. Tun da daɗewa manoma da leburori na can suna tauna ɗanyen ganyen don su jure aiki cikin rana.

Sinadarai biyu ne suka fi tasiri a cikinsa: mitragynine, wanda shi ya fi yawa, da 7-hydroxymitragynine, wanda ake taƙaitawa da 7-OH. Dukkansu suna kama wurin da mofin, kodin da tiramadol suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Kaɗan daga ciki yana wartsake mutum, mai yawa kuma yana kawo kasala, barci da maye. Shi 7-OH ɗan kaɗan ne ƙwarai a ganye, amma ya fi mitragynine ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan shi ne tushen bambancin da ke tsakanin nau'o'in.

Ɗanyen ganye da shayi

Wannan ita ce hanyar asali. Ganyen yana da ɗaci sosai, kuma akwai iyakar abin da mutum zai iya taunawa ko dafawa, don haka sinadarin da ke shiga jiki bai kai na sauran nau'o'in ba. Duk da haka, waɗanda suka daɗe suna sha kullum a Tailan da Malesiya suna kamuwa da sabo, da taurin bayan gida, da rama, wasu kuma fatar kumatunsu tana yin duhu. A kudancin Tailan matasa suna haɗa dafaffen ganyen da lemon kwalba da maganin tari mai kodin. Wannan haɗin ya fi ganyen shi kaɗai haɗari ƙwarai.

Gari

Busasshen ganye ne aka niƙa. Ƙarfinsa yana bambanta daga jaka zuwa jaka, gwargwadon bishiyar, lokacin girbi da yadda aka shanya shi. Cokali ɗaya na yau ba lallai ya yi daidai da cokali ɗaya na wata mai zuwa ba. Sunayen "ja", "kore" da "fari" da ake rubutawa a jiki dabarar kasuwa ce, ba ma'aunin magani ba.

Ga kuma matsalar tsafta. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta danganta ɓarkewar cutar salmonela da kayan kratom: mutum 199 suka kamu a jihohi 41. A 2019 kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta sanar da samun dalma da nikel masu yawa a wasu samfura da ta gwada.

Kafso

Yawanci garin nan ne aka ɗura cikin kafso. Kamanninsa da maganin asibiti yana sa mutum ya saki jiki, alhali babu wata hukumar magunguna da ta tabbatar da abin da ke ciki. Tun da ba a jin ɗacin, haɗiye da yawa yana da sauƙi. Haka kuma yana ɗan jinkiri kafin ya fara aiki, sai mutum ya zaci bai isa ba ya ƙara. Wasu kafson ma ba gari ne a ciki ba, tataccen sinadari ne.

Tataccen ruwa, alewa da ƙwayoyin 7-OH

A nan haɗarin ya fi tsanani. Ana tace sinadaran daga ganye mai yawa a tattara su cikin 'yar kwalba ko alewa mai zaƙi, wadda yaro zai iya ɗauka ya ci. Ƙwayoyin 7-OH kuwa a masana'anta ake sarrafa mitragynine ya koma 7-OH, don haka sun fi kusa da ƙwayoyin dangin mofin fiye da ganye. Sabo da su yana zuwa da wuri, kuma suna iya danne numfashi. A watan Yulin 2025 FDA ta ba da shawarar a sanya kayan 7-OH cikin jerin ƙwayoyin da doka ta taƙaita.

Akwai kuma algus. A Suwidin, wani haɗi mai suna Krypton da aka sayar da sunan kratom ya ƙunshi wani sinadari mai ƙarfi na dangin tiramadol, kuma an danganta shi da mutuwar mutum 9.

To, wanne za ka zaɓa?

Idan aka jera su, ganye ya fi rauni, gari da kafso suna tsakiya, tataccen ruwa da 7-OH sun fi ƙarfi. Amma rauni ba ya nufin aminci. FDA ba ta amince da kratom a matsayin maganin kowace cuta ba, kuma a matsayina na likita ba zan ba ka shawarar ko ɗaya daga cikinsu ba. Doka ma ta bambanta: Tailan ta haramta shi a 1943 sannan ta cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi a 2021, a Birtaniya kuwa sayar da shi laifi ne tun 2016. Wannan ya shafi matafiya da masu aiko kaya.

Kowane nau'i yana iya kawo tashin zuciya, amai, jiri, bugun zuciya da sauri, farfaɗiya da lahani ga hanta. Lahanin hanta yakan bayyana cikin makonni kaɗan da fara sha. Kratom yana kuma rage saurin yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini. Haɗa shi da giya, maganin barci, tiramadol ko kodin shi ne mafi muni: yawancin waɗanda suka mutu aka sami kratom a jininsu a Amurka, an sami wasu ƙwayoyin tare da shi. Mai juna biyu ta guje shi gaba ɗaya, domin an ga jarirai da aka haifa da alamomin sabo.

Idan kai ko wani naka ya riga ya fara

Faɗa wa likitanka gaskiya: wane nau'i, sau nawa a rana, tun yaushe. Kawo kwalbar ko jakar ya gani. Idan an daɗe ana sha, dainawa farat ɗaya kan kawo ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, majina, rashin barci da saurin fushi. Ana iya sauƙaƙa wannan a asibiti.

A garzaya asibiti nan take idan mutum ya kasa farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, leɓɓansa sun canja launi, ko ya yi farfaɗiya. Kafin a isa, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa, madara ko manja. Maganin naloxone da ake ba wanda mofin ya yi wa yawa yana iya ceto numfashinsa. Idan idanu sun yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, ko jiki na ƙaiƙayi, a daina sha a je a gwada hanta a ranar.

Idan kuma abin da ya kai ka ga neman kratom shi ne son rabuwa da tiramadol ko kodin, niyyarka mai kyau ce, amma sauya wata ƙwaya da makamanciyarta ba zai raba ka da sabo ba. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Kaduna da Maiduguri, suna kula da masu wannan matsala. Idan ciwon jiki ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, bari a binciko sanadinsa, domin maganin ciwon baya daban yake da na ciwon jijiya ko na sikila.