Dutsen da ya kashe shuka a nesa

Mai karatu, can ƙarƙashin ƙasa akwai duwatsun da zafi ya narkar. Wani lokaci sukan fasa kan dutse su fito. Shi ake kira aman wuta.

A watan Afrilu na 1815, dutsen Tambora na ƙasar Indunusiya ya yi amai. An ji ƙararsa a nisan kilomita 2000, har sojoji suka zaci igwa ce. Toka ta binne gonaki. Dubban mutane suka mutu, amma yunwa da cuta sun fi wutar kisa.

Ka san yadda hazo yake tare rana? Haka hayaƙin ya yi a sama. A 1816, can Turai da Amurka, sanyi ya kashe shuka a tsakiyar lokacin noma, abinci ya yi tsada.