Kano Pillars: Yadda kakar wasa ɗaya ta kai Masu Gida ƙasa

A watan Yulin 2022 aka kammala gasar Firimiyar Najeriya. Rivers United ta Fatakwal ta ɗaga kofi karo na farko a tarihinta, ƙungiyoyi huɗu kuma suka faɗa gasar 'yan dagaji: MFM ta Legas, Heartland ta Owerri, Katsina United da Kano Pillars. Sunan ƙarshen nan ne ya girgiza mutane, har a wajen Najeriya. A Malanville, inda Hausawa 'yan kasuwa ke da hulɗa da Gaya da Kamba har zuwa Kano, matasa sun fi sanin jadawalin Ingila da Sifaniya saboda gidajen kallo, amma duk mai kama sashen Hausa na rediyo ya san kirarin "Sai Masu Gida".

Dalilin girgizar a fili yake. An kafa Pillars a 1990, ta ci gasar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka bayan an tashi 1-1 a Kano da 2-2 a Alƙahira, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Shekara uku kacal bayan haka sai ga ta a ƙasan tebur.

Lissafin gida da waje

Kafin a fahimci abin da ya faru, sai an san yadda gasar take. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Nasara maki uku, canjaras maki ɗaya, huɗun ƙarshe su sauka. Wannan saukar ce masu Faransanci ke kira relégation. A rubuce, tsarin bai bambanta da na Ingila ba. A fili kuwa akwai bambanci babba: a Najeriya cin wasa a gidan wani abu ne mai wuya ƙwarai, har ana iya kammala mako guda ba tare da baƙo ko ɗaya ya yi nasara ba.

Sanadin haka yana da yawa, kuma ba duka ne ke da daɗin faɗa ba. Akwai hanya. Daga Kano zuwa Uyo ko Fatakwal tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye, galibi a mota, ɗan wasa ya iso da kumburarriyar ƙafa ya shiga fili. Hanyar ma ba ta da tabbas: a watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja tana kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Sannan akwai alƙalin wasa, wanda ya san cewa bayan ya busa usur na ƙarshe sai ya ratsa cikin dubban mutanen gari kafin ya kai masauki. Ba sai an ba shi ko sisi ba, tsoro kaɗai ya isa ya karkatar da hukunci.

Don haka ƙungiyar Najeriya da filinta take rayuwa. Wasanni 19 na gida suna ɗauke da maki 57. Wadda ta ci 15 daga ciki ta samu maki 45, sai ta ɗan tsinto canjaras biyu ko uku a waje ta tsira. Maki 40 da ake ɗauka a matsayin tudun mun tsira a Ingila ba kasafai yake isa a nan ba, domin kowa yana cin wasannin gidansa, tebur ya cunkushe, nasara biyu su raba na goma da na goma sha bakwai.

Babu wadda ta ci moriyar wannan lissafi kamar Pillars. Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 ba a doke ta a gida a gasar ba, wasa fiye da 200, sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2-1. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata shi ne jarinta.

Kakar da aka rasa gida

A 2020, lokacin annobar korona, an mayar da harabar filin cibiyar killace marasa lafiya, filin kansa kuma ya lalace. Pillars ta koma buga wasannin "gida" a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tafiyar sama da kilomita 200. A haka ta shiga kakar 2021/2022, wadda aka fara a watan Disamba. Masu Gida sun zama 'yan haya, makin da a da ake ƙirgawa tun kafin a take leda ya fara zubewa.

A watan Afrilun 2022 aka ba ta izinin komawa Kano. Wannan ita ce damar da ake jira: sauran wasannin gida a gaban mutanenta, daidai lokacin da take buƙatar kowane maki. Ba a daɗe da komawar ba Katsina United ta zo. Ana 0-0, wasa ya kusa ƙarewa, magoya baya suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙin, wasa ya watse. Kamfanin LMC, wanda ke gudanar da gasar a lokacin, ya ci Pillars tarar naira miliyan 9, ya zaftare mata maki uku, ya kuma tura ta buga wasannin gida a filin MKO Abiola da ke Abuja.

Tarar kuɗin ita ce mafi sauƙi, domin gwamnatin jihar Kano ce ke da ƙungiyar, daga baitulmali za a biya. Maki ukun sun fi ciwo, tunda a cunkusasshen tebur nasara guda ce aka goge. Amma babbar asarar ita ce filin. Mutanen da suka shiga fili don nuna ƙauna su ne suka ƙwace wa ƙungiyar abin da ta fi dogara da shi.

A watan Yuni aka ƙara. A wasa da Dakkada ta Uyo, bayan baƙin sun farke ƙwallo a ƙarshen lokaci, an ga shugaban ƙungiyar na lokacin a bidiyo yana kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, LMC ta kore shi daga harkokin gasar. In shugaba ya yi haka, da wane baki za a yi wa yaron da ke kan benci faɗa? Wata guda bayan nan aka rufe kaka, Pillars ta sauka, Katsina United ma ta bi ta.

Abin da saukar ke nufi

Ba ko'ina ake hukunta mummunar kaka haka ba. A babbar gasar besbol ta Amurka ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162, kuma babu sauka. A 2024 Chicago White Sox ta sha kashi sau 121, ta ci 41 kawai, amma da aka buɗe kaka ta gaba tana nan a gurbinta, domin gurbin dukiya ce ta mai ƙungiya. A ƙwallon ƙafa ba a sayen kujerar dindindin. Kofi huɗu ba su ƙara wa Pillars maki ko ɗaya ba.

Ga ɗan wasa, sauka na nufin albashi ya ragu, masu farautar 'yan wasa daga waje su daina leƙowa, kiran tawagar ƙasa ya yi nisa. Daga Pillars Ahmed Musa ya tafi Turai bayan ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kuma da wuya a ga irin wannan daga rukuni na biyu. Mai sayar da ruwa da tsire a bakin fili ma ciniki ya ja baya.

Mai bibiyar gasar Jamhuriyar Benin zai gane wasu daga cikin waɗannan matsaloli. Buffles du Borgou, ƙungiyar arewa da ta fi cin kofi, tana Parakou, sama da kilomita 300 daga Malanville, manyan abokan karawarta kuma suna can kudu wajen Kwatano da Porto-Novo. A shekarun baya-bayan nan an gwada raba gasar zuwa shiyyoyi kafin zagayen ƙarshe, abin da ke rage doguwar tafiya.

Pillars ba ta daɗe a ƙasa ba. A 2023 ta dawo ta gasar ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba, tare da Katsina United da Heartland da Sporting Lagos. Tsohon kyaftin Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, ya ci gaba da zura ƙwallo duk da shekarunsa. A watan Oktoban 2024 Ahmed Musa ya dawo tare da Shehu Abdullahi, fili ya sake cika, a 2025 kuma aka naɗa Musa babban manajan ƙungiyar.

Ranar 12 ga Oktoban 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta zo Kano, ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa aka tashi 1-1. Magoya baya suka sake kutsawa fili, aka daki alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki uku da ƙwallo uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, ta rufe filin Sani Abacha. Garin da aka tura ta buga wasannin gida a wannan karon shi ne Katsina.