2.3 Yadda Matan Gaya da Ajingi Suka Samu 'Yancin Jefa Ƙuri'a

Wannan sashe zai duba yadda matan wannan yanki suka fara shiga zaɓe. A zaɓen tarayya na 1959 matan kudancin Nijeriya sun jefa ƙuri'a, amma a Jihar Arewa maza kaɗai aka yi wa rajista. Jam'iyyar NPC mai mulki ta kafa hujja da addini da al'adar kulle. Ita kuwa NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta nemi a ba mata wannan dama, kuma saboda irin wannan fafutuka aka sha ɗaure Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

Abin lura shi ne, ba 'yan siyasa ne suka warware matsalar ba. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta ba matan Arewa ƙuri'a a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. A lokacin Ajingi tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Gaya. Ke nan zaɓen 1979, wanda Abubakar Rimi na PRP ya ci a Jihar Kano, shi ne karo na farko da matan yankin suka zaɓi gwamna da shugaban ƙasa.