Shin Ko Kun San? Tarihi, Wuraren Ibada da Abincin Yammacin Indiya

Yawancinmu mun san Indiya ta fim, ko ta jinya, ko ta karatu. Amma jihohin yammacinta, wato Maharashtra da Gujarat da Goa, suna da abin kallon da majigi bai nuna mana ba, kuma sawun Afirka na nan a gine-ginensu da kwanon abincinsu. Ga abin da mai shirin zuwa zai so ya riƙe.

Kafin a ɗaure kaya

Shin ko kun san cewa daminar yankin tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma birnin Mumbai kan sha ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara? Afrilu da Mayu kuwa zafi a Ahmedabad kan haura digiri 40. Lokacin yawo shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu.

Shin ko kun san cewa mai zuwa daga Najeriya ko Nijar sai ya nuna katin rigakafin cutar shawara? Wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida.

Shin ko kun san cewa kogwannin Ajanta da tsibirin Elephanta ba sa buɗewa ranar Litinin, Ellora kuma ranar Talata take hutu? Tsakanin Ajanta da Ellora kusan kilomita 100 ne, don haka wanda ya rikita ranakun ya yi asarar yini da kuɗin mota.

Shin ko kun san cewa jirgin ƙasan fasinja na farko a Indiya ya tashi ne daga Bombay, wato Mumbai ta yau, zuwa Thane a 1853, tafiyar kilomita 34? Yau jirgi mai sauri kan haɗa Mumbai da Ahmedabad, kusan kilomita 500, cikin ƙasa da awa shida. Sai dai kujeru kan ƙare da wuri, tikiti tun da sauran makonni ake yankarsa.

Mumbai

Shin ko kun san cewa Mumbai tsibirai bakwai ne da aka cike tsakaninsu da ƙasa? A 1661 Turawan Fotugal suka miƙa wa Ingila wurin cikin garar gimbiyarsu Catherine, da ta auri Sarki Charles na Biyu.

Shin ko kun san cewa hubbaren Haji Ali a cikin teku yake, kuma siririyar hanya ce ke kaiwa gare shi? Idan teku ya yi ambaliya ruwa kan shafe hanyar, sai mai ziyara ya jira ya janye.

Shin ko kun san cewa tun wajen 1890 akwai masu sana'ar kai wa ma'aikata abincin rana daga gidajensu, waɗanda ake kira dabbawala? A lokacin da sana'ar ke ganiyarta, mutum kusan 5,000 kan raba kular abinci wajen 200,000 kullum, a keke da jirgin ƙasa, da 'yan alamomin fenti a murfi maimakon adireshi.

Aikin dutse

Shin ko kun san cewa haikalin Kailasa da ke Ellora ba gina shi aka yi ba? Dutse guda aka sassaƙa daga sama zuwa ƙasa a ƙarni na 8, zamanin Sarki Krishna na Ɗaya, har aka fitar da ginshiƙai da ɗakuna da giwaye. Babu damar gyara: inda guduma ta kuskure, ta kuskure ke nan. Kogwannin Ellora 34 ne, 12 na mabiya Buddha, 17 na Hindu, 5 na Jain, duk a jikin tsauni ɗaya.

Shin ko kun san cewa daji ya haɗiye Ajanta ɗaruruwan shekaru, sai a 1819 wani hafsan sojan Ingila da ya fita farautar damisa ya hango bakin kogo? Zanen da ke bangon wasu ɗakunan ya haura shekara 1,500, shi ya sa ake hana ɗaukar hoto da walƙiyar kyamara.

Shin ko kun san cewa Sarki Aurangzeb, wanda ya mulki daular Mughal kusan shekara hamsin ya rasu a 1707, kabarinsa a Khuldabad kusa da Ellora ba shi da ƙubba? Ana ruwaito cewa ya yi wasiyya a yi masa shi da kuɗin hulunan da ya ɗinka da hannunsa.

Shin ko kun san cewa Ibn Battuta ya ga ganuwar Daulatabad, garin da Sultan Muhammad bin Tughluq ya mayar da fadarsa daga Delhi a 1327? Shi ne dai matafiyin da ya sauka Takedda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, har ya ambaci Gobir cikin wuraren da ake kai jan ƙarfen garin.

Sawun Afirka

Shin ko kun san cewa Bahabashe ne ya kafa birnin Aurangabad? Malik Ambar bawa ne da aka sayar daga Habasha, ya ratsa ta Bagadaza, ya zama mai juya akalar daular Ahmadnagar, ya kuma hana sojojin Mughal sakat shekara da shekaru. A 1610 ya kafa garin, ya janyo masa ruwa ta ƙarƙashin ƙasa. A 2023 aka sauya wa birnin suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar.

Shin ko kun san cewa ganuwar Janjira da ke tsakiyar teku kudu da Mumbai ta kasance a hannun Siddi, jikokin mutanen Afirka, kuma mayaƙan Maratha sun yi ta kai mata hari ba su ci ta ba? Har yau da jirgin ruwa mai filafilai ake isa ƙofarta.

Shin ko kun san cewa tagar dutsen nan mai siffar bishiya da rassa, wadda ta zama tambarin Ahmedabad, tana masallacin Sidi Saiyyed ne, wanda wani Bahabashe ya gina wajen 1573?

Gujarat

Shin ko kun san cewa Sultan Ahmad Shah ne ya kafa Ahmedabad a 1411, kuma a 2017 ya zama birnin Indiya na farko da UNESCO ta sa ɗungurungum cikin kayan tarihin duniya? Masallacin Juma'arsa na 1424 yana tsaye a kan ginshiƙai 260. Daga gidan Gandhi na Sabarmati a wannan birni aka fara tattakin gishiri a Maris 1930.

Shin ko kun san cewa rijiya ce ke bayan takardar rupi 100? Rani ki Vav da ke Patan, wadda Sarauniya Udayamati ta sa aka haƙa a ƙarni na 11 don tunawa da mijinta, hawa bakwai ce zuwa ƙasa, da manyan sassaƙe fiye da 500. Laka ce ta binne ta, kuma lakar ce ta adana ta.

Shin ko kun san cewa a kan tsaunin Palitana akwai haikalin Jain fiye da 800, kuma sai an taka matakala sama da 3,500 ake isa? Babu mai kwana a can sama. Kafin duhu kowa ya sauko. Tun 2014 aka hana yanka dabba da sayar da nama a garin.

Shin ko kun san cewa daga tashar Surat alhazan Indiya ke hawa jirgin ruwa zuwa Makka a zamanin Mughal? Yau a birnin ake goge mafi yawan lu'ulu'un duniya.

Shin ko kun san cewa ban da Afirka, a dajin Gir da kewayensa kaɗai zaki ke yawo a sake? Ƙidayar 2025 ta sami 891. Ana rufe dajin da damina.

Abinci

Shin ko kun san cewa gero, wanda aka fara nomawa a yankinmu na Sahel, ya isa Indiya kusan shekara 4,000 da suka wuce, kuma yau babu ƙasar da ta kai ta noma shi? A ƙauyukan Gujarat da garinsa ake yin gurasa mai kauri, rotla, a ci da man shanu da mazarƙwaila. A Maharashtra kuma da dawa ake yin bhakri.

Shin ko kun san cewa abincin leda a Indiya yana da alama? Koren ɗigo na nufin babu nama, alama mai ruwan ƙasa na nufin akwai. Alamar ba ta maganar halal, wannan sai an tambaya.

Shin ko kun san cewa mabiya Jain ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali, don tonon su na kashe ƙananan halittu? Mutanen Gujarat kuwa har cikin miyar wake sukan sa zaƙi.

Shin ko kun san cewa doka ta hana yanka saniya a Gujarat da Maharashtra, kuma Gujarat ta haramta giya tun kafa jihar a 1960? Mai neman nama a Mumbai ya nufi titin Mohammed Ali, musamman da azumi. A Goa, wadda Fotugal ta riƙe daga 1510 zuwa 1961, vindaloo na asali da naman alade ake yi, don haka a tambaya kafin a sa hannu.

Shin ko kun san cewa Musulmin Bohra kan zagaye faranti ɗaya babba, su fara da ɗanɗanon gishiri, su bi da kayan zaƙi, sannan nama?

Shin ko kun san cewa dandalin Manek Chowk na Ahmedabad kasuwar kayan miya ce da safe, ta gwal da rana, ta abinci da dare?

Ladabin baƙo

A wuraren ibada ana cire takalmi, ana rufe jiki. Haikalin Jain ba a shiga da kayan fata, ko da ɗamara ce ko jaka. Ɗakin ibadar Farisawa na Udvada nasu ne kaɗai, wasu haikalan Hindu kuma sai da izini. Mai karatu, idan Allah ya nufe ka da zuwa, duba kalanda kafin ka yanki tikiti, ka tambaya kafin ka shiga, ka kuma tambaya kafin ka ci.